Wuƙar da Yaya Garba Ya Duba

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa. Allah ya haskaka kabarinsa. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai wasa wuƙaƙe a bakin mayankar Garwa. Har yanzu idan na kishingiɗa bayan Azahar, nakan ji kamar ƙarar ƙarfe a kan dutse, a hankali, tare da iskar da ke tasowa daga kogin Binuwai, sai in rasa ko barci nake ko ido biyu.

Manyan garin nan ba su manta da kisan wani dillalin shanu a hanyar Tcholliré ba. An tsinci gawarsa a gefen hanya, da wata wuƙa mai ninkewa a cikin ciyawa. Nan take gari ya yanke hukunci. Aikin wuƙa ne, saboda haka mahauci ne, kuma kowa ya ga Umaru mahauci ya yi cacar baki da mamacin a kara, kasuwar shanu. Jandarma suka ɗauke shi. Mata suka daina sayen nama a teburinsa tun kafin a kai shi gaban kowa.

Sarkin fawa ne ya roƙi kumandan jandarma a nuna wa Yaya wuƙar, tunda babu wuƙar mahaucin da ba ta ratsa hannunsa ba. Na raka Yaya domin ba ya jin Faransanci. Ya karɓe ta da bisimilla, ya buɗe, ya ninke, ya sake buɗewa. Ƙotarta itace ce, da zoben ƙarfe a wuya wanda ake murzawa ya riƙe kaifin. Ya rufe ido ya bi bakinta da babban yatsa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "wannan ba ta taɓa shiga mayanka ba. Mahauci ba ya aiki da wuƙa mai gaɓa. Jini da kitse za su shige ciki, ruwa ba ya fitar da su, ga shi zai sa ta a aljihu ya tsaya salla. Kuma dubi bakinta. A kan siminti aka goga ta, gefe ɗaya. Da Umaru ya yi wa wuƙa haka, da ni zan fara kawo muku shi."

Kumanda ya yi dariya, ya tambayi su wa ke riƙe irinta. Yaya ya sa tsinke a gaɓar, ya zaro zaren igiya da ɗan ɓarɓashin roba. Ya ce irin wadda ake yanka igiyar ɗaurin kaya da ita ce, ana sayar da ita a kowace tasha daga nan har Meiganga.

"To, ta wane ce a cikinsu?"

"Na gaya maka irinta. Mai ita kuwa ban gan shi ba, ba zan kira sunan da ban gani ba."

Aka rubuta bayaninsa da Faransanci, ni kuma na rubuta sunansa da ajami a ƙasa, ya dangwala yatsa. Ba a jima ba aka saki Umaru. Mai wuƙar dai har yau Allah kaɗai ya san shi.

Kwanan baya na ga wasu samari a kasuwa sun ɗauki hoton wata wuƙa da waya, wayar ta faɗa musu sunanta da ƙasar da aka ƙera ta. Na tsaya ina tunanin me Yaya zai ce. Ina jin zai yaba, don shi mutum ne mai son a san abu da sunansa. Sannan zai miƙa hannu ya ce a ba shi ya taɓa. Abin da zai dame shi kuwa shi ne yadda hoton mutum yake zagaye gari a wayoyi kafin la'asar, an riga an kira shi mai kisa, ba wanda ya tsaya ya duba ko da gaɓar wuƙa.

Sakin Umaru bai dawo masa da masu saye ba. Yaya ne ya riƙa zuwa teburinsa kullum da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, ya ɗaga murya: "Umaru, a yanko mini mai kyau, ba irin na jiya ba!" Sai da ya yi wata da watanni yana haka kafin mata suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya bai bar gida ko gona ba. Dutsensa ya bari, wanda tsakiyarsa ta lotsa kamar tafin hannu, yana nan a zaurena. A irin wannan rana Umaru yakan zo, ga shi ya tsufa yana dogara sanda. Ya zauna, ya zuba wa dutsen ruwa, ya wasa wuƙarsa. Yau ma ya zo. Da ya gama muka ɗaga hannu muka yi Fatiha.