Malam Sahabi da Ajin da Bai Taɓa Cika Ba

Damina talatin da bakwai ke nan da rasuwar abokina Malam Sahabi, wanda muka koyar tare a wata ƙaramar firamare tsakanin Bukkuyum da Gummi. Har yau in hadari ya haɗo daga gabas, sai in gan shi tsaye bakin aji yana kallon sama, don ya san gobe rabin yaransa suna gona.

Ajinmu bai taɓa cika ba. Da damina 'ya'yan manoma su tafi shuka, da rani 'ya'yan Fulani su bi shanu bakin gulbi. Shekaru suka jera ba wanda ya ci jarrabawar shiga sakandare, har jami'in ilimi ya ce in aka sake, za a haɗe mu da makarantar wani gari mai nisa. Ga yaranmu, ƙarshen karatu ke nan.

Sahabi ya tafi wurin Arɗo ya roƙi a bar masa yaran. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Malam, shanu ba su san ranar jarrabawa ba."

"Haka na, Baffa," in ji Sahabi, "amma ni na san inda shanu suke."

Daga nan duk Asabar ya ɗaura allo bayan keke ya nufi mashaya. Sau biyu na bi shi, kuma har yanzu abin kamar mafarki: inuwar tsamiya, fararen shanu kwance, muryoyin yara na bin iska. Da ruwa ya sauka, ya mayar wa 'ya'yan manoma darasi bayan la'asar. Sannu ba ta hana zuwa. A shekarar yaranmu suka ci, kuma Hajjo, jikar Arɗo, ita ce kan gaba. Ba ta gama sakandare ba zazzaɓi ya ɗauke Sahabi.

Yau makarantar a rufe take saboda 'yan bindiga, jikokin waɗanda suka zauna benci ɗaya suna tsoron juna. Da Sahabi na raye, me zai ce? Ina jin tambayar inda yaran suka koma kawai zai yi.

Bai mutu ya bar gida ba, bai bar gona ba. Amma Hajjo ungozoma ce a Gummi, kuma ba ta taɓa tambayar mai naƙuda ko daga ruga take ko daga gari ba. Allah ya jiƙan Sahabi.