Zanen da Kaka ta juya wa fuska

Kwana uku ke nan ina yawo tsakanin kicin da taga a gidanmu na Morris Heights, nan ƙasar waje, waya a hannu, kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. Jibi sunan jikana, kuma sunan da muke so mu sa masa ya ɓace.

A zangon Kumasi na tashi, a hannun kakata. Bayan magariba, idan ta gama sayar da koko, ba ta kashe kurfoti, murhunta na gawayi. Sai mu zagaye gawayin, ta jefa mana gyaɗa a toka, ta ce, "Ku matso, yau ba ta Gizo ba ce." Da mun ji haka mun san labarin Shugaba na farko na ƙasarmu za mu sha.

Ta ce ranar da Turawa suka sauke tutarsu, ita da yayanta sun yi rawa har takalminta ya tsinke. Yayan nan tela ne, shi ya saya mata zane mai hoton Shugaba. "Mutumin nan ya iya magana," in ji ta. "Yana buɗe baki sai ka ji kai ma mutum ne." Ya gina makarantu, ya tare kogi ya kawo lantarki. Muna jin daɗin wannan wurin, mu yi ta tafi.

Daga nan sai muryarta ta sauka. Shekaru suka ja, kaya suka yi tsada, baki ya zama abin tsoro. Wata rana Yaya ya faɗi ra'ayinsa a tasha, aka zo shago aka tafi da shi, ba kotu ba alƙali. Bai dawo ba. Da sojoji suka kifar da Shugaba, maƙwabta suka ƙona zannuwansu a titi. Kaka ta ƙi. Ta juya nata, fuskar a ciki, ta mai da shi zanen goyo. Da shi aka goyi uwata, da shi aka goye ni.

Na taɓa tambayarta, "Kaka, to shi mai kirki ne ko mugu?"

Ta ƙwanƙwashe ni a ka. "Ke da shegen son a gajarta miki. Ya ba ni ƙasa, ya ɗauke mini Yaya. Ba na iya yar da shi, ba na iya kallonsa. Ci gyaɗarki."

A lokacin haushi na ji, don ni labari mai ƙarshe nake so.

Makon jiya 'yata Rabi ta haihu. Na ciro zanen daga akwati na kai mata. Tana buɗewa ta gane fuskar, ta karanta shi a kwaleji, ta fara zuba mini tarihinsa da Turanci, wai firam za ta sa masa. Na zaunar da ita na ba ta sauran labarin. Sai ta lallaɓo Hausarta ta ce, "Mama, yayan Kaka, mene ne sunansa? Shi za mu sa wa yaron."

Wallahi Kaka ba ta taɓa kama sunansa ba, ai ba a faɗin sunan babba. Yaya kawai take cewa. Ni kuma da bakina mai tambaya, ban taɓa tambayar wannan ba.

Na kira Kumasi, na kira unguwar Nima, na kira duk tsohon da ya rage. Kowa ya haddace sunan Shugaba, har da kirarinsa. Ɗazu Gwaggo Azumi, wadda ita ce ƙarshen fatana, ta ce, "'Yar nan, mu ma Kawu muke ce masa."

Na daɗe ina ɗauka Kaka hukuncin Shugaba take koya mana. Yanzu na ga dalilin da ya sa take maimaita labarin: tana tsoron kada telan ya ɓace sau biyu. Kunya ta kama ni, ta kuma ƙi saki.

Na kira Rabi na gaya mata. Ta ce a bar liman ya raɗa sunan da uban yaron ya zaɓa, ba komai. Sai na ji jaririn ya fara kuka ta waya, na ji ta ɗauke shi tana cewa, "Yi haƙuri, Yaya, ga ni nan."