Agwagwar Malam Garba ta dawo lagun

Ta dawo! Wallahi ta dawo, da idona na gan ta yau da hantsi, a bakin lagun, babban tabkin nan na Abidjan, ta gefen Treichville. Agwagwa mai tukku. Malam Garba bai yi ƙarya ba.

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri, tun safe na kasa zama wuri ɗaya, ko shayi ban sha ba.

Tsofaffin unguwar Roxy sun san Malam Garba mai atamfa, Allah ya ji ƙansa. Ɗan masunta ne daga Nguru, kasuwa ce ta kawo shi Abidjan amma ruwa bai taɓa fita ransa ba. Shi ya tura ni karatun yamma ina da furfura, shi ya sayo min littafin rubutu na farko. Ya ce, "Ni kaina ya bushe, Isa. Kai ka koya mana."

Ranar Lahadi mukan je bakin ruwa mu zauna. Yana da wata al'ada: tsuntsu na nutsewa sai ya fara jan carbi, ba zai tsaya ba sai ya ɓullo. Masu wucewa suna zaton wuridi yake yi.

Wata Lahadi, shekara goma sha biyu ke nan, ya damƙe hannuna, ya nuna min wata agwagwa a kan ruwa.

"Isa, wannan ba 'yar nan ba ce. Rubuta!"

Na rubuta: baƙa, gefenta fari tas, ido rawaya, tukku a ƙeya. Tana ɗan tsalle kafin ta nutse. Carbi ashirin a ƙarƙashin ruwa. In ta fito ba ta shanya fikafikai kamar baƙaƙen nan masu dogon wuya da ke zama kan turaku. Ya ce tun yana yaro yake ganin irinta a tabkin garinsu lokacin sanyi, daga ƙasar Turawa take zuwa.

Da ya ba da labari a majalisarmu ta Roxy, aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Da biza ta shigo ko ta ɓarauniyar hanya?" Wani ya ce tsufa ne. Malam Garba ya juyo wurina.

"Isa na nan. Ya gani, har ya rubuta."

Littafin yana aljihuna. Na ji kunyar a ga rubutuna irin na ɗan aji ɗaya, na ji tsoron dariya ta dawo kaina. Na ce, "To, ni dai daga nesa na hango."

Daga ranar sunansa ya koma Sarkin Agwagi. Har ya bar duniya, shekara uku da suka wuce, da sunan ake kiransa.

Bai taɓa yi min gori ba. Ganina da shi na ƙarshe, a ɗakinsa na unguwar 220 Logements, ya miƙo min carbin. Ya ce, "In ta dawo, ka ƙirga." Shi ke nan abin da ya ce.

Jikata Rakiya tana karatun dabbobi a jami'a. Ita ta tsinci littafin a akwatina, ta tasa ni gaba sai da na faɗa mata komai. Tun daga nan, duk lokacin sanyi take zagaya bakin ruwa da madubin hangen nesa. Yau da asuba ta kira ni.

"Angona, sa takalmi. Vite, yi sauri!"

"Ke, wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. Ɗauko carbin, tsoho, kada ka tsaya neman hula."

Na shiga gbaka, ƙaramar motar haya, ba hula. Da na isa ta ɗora min madubin a ido, na fara ganin shara da robobi, sannan baƙaƙen nan uku suna shanya fikafikai. Ta ce, "Ba su ba, pépé, waɗannan cormoran ne. Hagu." Sai ga farin gefe. Sai ga tukku.

Agwagwar ta yi tsallenta, ta nutse. Na ja carbi.

Ashirin da ɗaya.

Rakiya ta buɗe littafinta na Faransanci mai hotunan tsuntsaye kusa da nawa, hoton da rubutuna suka zo ɗaya. Ta ce rubutun ba shi da kyau amma babu kuskure ko ɗaya. Na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba.

Don haka yau nake faɗa a gaban kowa: na gani a wancan lokacin, na gani sarai, tsoro ne ya hana ni magana. Allah ya yafe min. Allah ya gafarta wa Malam Garba, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.

Rakiya ta ce baƙuwa ce, tana iya tashi gobe ko jibi. Ku 'yan majalisar Roxy da kuka rage, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Gobe bayan sallar asuba ina bakin ruwa, kusa da inda kwale-kwale ke ɗaukar fasinja, da littafin a buɗe a hannuna. Ku zo ku gani. Kowa ya taho da carbinsa.