Karfasar da Baba Bai Gani Ba

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har da sunayen wasu da muka zauna ofis ɗaya, amma ranar da na tsaya gaban wani mai tsofaffin littattafai a Sakkwato, da littafi biyu a hannuna, ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Kebbi ba, an dawo da mu Birnin Kebbi da aiki, na kama haya a Nassarawa. Mahaifina masunci ne a Argungu. Tun yana saurayi yake nutso a gulbi, yana laluben kifi da hannu cikin ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani. Da idonsa ya fara dushewa sai na ɗauko shi, na kai shi wajen likitan ido a Sakkwato. Likitan ya ja ni gefe ya ce ganin tafiya yake yi, magani zai rage masa sauri ne kawai.

Da na fito sai na tarar da Baba a ɗakin jira, ya manna goshinsa jikin wani akwatin gilashi mai ruwa da ciyayi, wasu jajayen kifaye suna yawo ciki. Na taɓa kafaɗarsa, bai ko juyo ba.

"Ashe haka suka zama cikin gidansu?" in ji shi. "Dut rayuwata da hannu nis san kihi. Ban taɓa ganin shi ta gehe yana tahiyatai ba. Kai, da karhwasa ta gulbinmu ta, da na more."

Nan take na yi masa alkawari zan haɗa masa irinsa a gida. Washegari na shiga kasuwa neman littafin da zai koya mini. Mai littattafan ya tono guda biyu daga ƙasan kwali. Ɗaya siriri ne, bangonsa ya yage, wani malamin ƙasar zafi irin tamu ya rubuta shi. Ya ce a bar ruwa ya kwana biyu, a dasa ciyayi, a saka kifi kaɗan masu juriya, a riƙa sauya ruwan. Ɗayan kuwa ƙato ne mai hotuna masu sheƙi, na wani Bature, har da babi guda kan yadda ake ɗumama ruwa. A Birnin Kebbi fa, inda ruwan randa ma sai an lallaɓa yake yin sanyi! Mai littattafan ya ce, "Malam, ɗauki ƙaramin ga, shi ad daidai da mu." Ni kuwa a lokacin ina ji da bokona, kuma a ganina ilimi da nauyi ake auna shi. Na rungumi ƙaton na taho.

Mai yanka gilashi ya haɗa mini akwatin. Na je Argungu na ɗebo yashin gulbi, na tumɓuko bado da kainuwa da wasu ciyayin gefen ruwa. Littafin ya ce kada kifi ya shiga sai ciyayi sun kama, ruwa ya zauna mako shida cur. Na rataya kalanda kusa da akwatin ina soke kwanaki. Kowace safiya Baba zai jawo kujerarsa ya zauna yana kallon ganye. "To ɗan boko, yau ma ciyawa muka kallo? Ni akuya ni?" Sai mu yi dariya, in ce masa saura kaɗan.

A mako na uku ƙanensa ya zo daga Argungu da gora, cikinsa 'yan karfasa da kurungu masu rai, shi da kansa ya kamo su da safen. Baba ya miƙe yana rawar jiki. Na tare gaban akwatin na ce, "Baffa, a yi haƙuri, lokaci bai yi ba. In aka sa su yanzu mutuwa za su yi." Baffa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "In sun mutu gulbi ya ƙahe? Sai in kawo wasu." Matata ma ta leƙo ta ce, "Malam, ko guda ɗaya ka sa mai mana." Na buɗe musu shafin na karanta da Turanci, na fassara, kamar mai karanta hukunci. Aka juye kifayen a baho. Baba ya sunkuya ya leƙa, ya ce ta sama ai ya saba gani, ya koma ya zauna. Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi damuna har yau.

Bayan haka badon ya ruɓe, domin na ajiye akwatin a lungun da rana ba ta kaiwa. Ruwan ya yi wari. Littafin ya ce a zubar a sake daga farko, ni kuma na sake, har da lissafin makonnin. Ina ta kallon ganye da kalanda, ban lura Baba ya fara laluben bango in zai tafi alwala ba.

Ranar da kwanakin suka cika, ruwan ya yi garau, ciyayi sun yi kore shar. Baffa ya sake kawo kifi, na zuba su da hannuna. Wallahi abin ya yi kyau. Karfasar nan ta ratsa tsakanin ganye, gefenta yana walƙiya. Na riƙo Baba na kawo shi, ya manna goshinsa jikin gilashin, ya daɗe a haka. Sai ya ce, "Ka sa su?"

Ya nannaɗe hannun rigarsa, ya lalubi bakin akwatin ya tsoma hannu, abin da littafin ya hana da manyan baƙaƙe. Ya bar yatsunsa a buɗe cikin ruwan, har wata ta goge shi. "Karhwasa ta," ya ce yana murmushi. "To hwaɗa min, ɗana, ƙaƙa take in tana tahiya?" Na tsaya ina kwatanta masa, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa madalla.

Ya yi shekara huɗu tare da mu bayan haka, kullum sai ya sa na faɗa masa abin da kifayen suke yi, bai taɓa tuna mini zuwan Baffa na farko ba. Ni ne nake tunawa. Ina kewarsa ƙwarai, kuma da za a mayar da ni safiyar nan, da na karɓi goran na juye gaba ɗaya, ko da za su mutu kafin azahar.

Littafin bai yi ƙarya ba, kifayena sun rayu. Amma wanda ya rubuta shi lafiyar kifi yake nema, bai san akwai tsohon da ganinsa ke ƙarewa a ɗakina ba. Ni na sani. Tun daga nan, in zan zaɓi littafi ko in bi shawarar wani, nakan fara duba wanda nake yi domin shi, in tambayi kaina ko zai iya jira.