Farin Mayafi a Bakin Famfon Zamzam

Daga Kano

Mun bar gida kafin kiran assalatu. Ƙanina Sani ne ya kai ni sansanin alhazai a motarsa. Hadiza ce ta yi alkawarin raka ni, amma Allah ya karɓe ta wajen haihuwa kafin shekara ta zagayo. Ita kaɗai ce 'yata. A hanya sojoji suka tsayar da mu, suka ga jakar alhazai, ɗaya ya ce, "Mama, a saka mu a addu'a." Na ce to.

Jidda zuwa Makka

Jirgi ya sauka bayan azahar. Mun daɗe a layi, sannan aka zuba mu a bas, aka ba mu ruwa da dabino. Direban Bamisire ne, yana ta "Yalla, Hajja!" kamar mu muka riƙe hanyar. Bayan magariba muka isa masauki, mu mata biyar a ɗaki.

Nakkasa

Da na gama umara na je gaida Yaya Balki, 'yar wan babana, wadda aka haifa a can. Gidansu a unguwar Nakkasa, a kan dutse yake, sai da na huta a tsakiyar matakala. Ta yi min tuwon shinkafa da miyar kuka, tana tsokanata wai 'yan Kano ba su da gwiwa. Mijinta Malam Idi na kallon labarai da Larabci, ana nuna mata a titi, ana jan wata zuwa mota. Na tambayi inda ne.

"Iran," in ji shi. "Kullum sai sun nuna. Ba tausayi ba ne, Hajiya, ƙasashen biyu ne ba sa shiri."

Na ci gaba da cin tuwona.

Harami

Washegari da hantsi muka tafi da Yaya Balki wajen famfunan zamzam, in jiƙa likkafanina kamar yadda ake yi. Kusa da ni wata dattijuwa cikin baƙin lulluɓi tana jiƙa farin ƙyalle, tana kuka ba sauti. Na ɗauka ita ma ta yi rashi. Na ce Yaya ta yi mata ta'aziyya, ta gaya mata ni ma na binne 'yata.

Matar ta girgiza kai. Ta ɗan iya Larabci, Yaya tana fassara min. Daga Iran take. Ƙyallen ba likkafani ba ne, mayafin 'yarta ne. 'Yar tana raye, tana kurkuku, don ta cire mayafi a titi tare da wasu mata. Uwar ta ce ita ba ta taɓa fita kai buɗe ba, sun sha faɗa a kan haka, amma ba ta haife ta don a dake ta ba.

Ta waiga ta duba 'yan tawagarsu, ta rage murya. Duk ranar ziyara a kurkuku, in ji ta, abu ɗaya yarinyar ke tambaya: an san da su a waje? Shi ya sa uwar take tambayar duk baƙuwar da ta samu. "A ƙasarku an ji? Shugabanninku sun ce wani abu?"

Na ce, "Yaya, gaya mata ban sani ba. Ni ma jiya na fara gani."

Yaya ta yi magana mai tsawo. Sai na ga fuskar matar ta washe, ta kama hannuna ta sumbata, tana maimaita "Nijeriya, Nijeriya" don kada ta manta.

"Me kika ce mata?"

"Na ce duk ƙasarku an ji, manyanku sun yi magana. Haba ƙanwata, so kike ta koma wa yarinyar hannu banza? Yalla, mu tafi, nan ba wurin irin wannan zance ba ne. Ke za ki koma Kano, ni nan zan zauna."

Matar na nan tsaye, ina iya gyarawa ko da da hannu ne. Na ɗauki jiƙaƙƙen likkafanina na bi Yaya.

Muzdalifa

Bayan Arfa na yi ta duba tawagogi masu baƙin lulluɓi, ina tsintar tsakuwa ina leƙa fuskoki. Ban gan ta ba. Ko da na gan ta, ban san abin da zan ce ba.

Gida

Sani ya tarbe ni a filin jirgi. Shi mai sauraron rediyo ne, sai na tambaye shi tun a mota.

"Turawa dai sun fitar da sanarwa, Yaya, sun ce ba su ji daɗi ba. Namu kuwa ni ban taɓa jin sun tanka ba. Me ya kawo wannan?"

Na ce ba komai.

Yanzu haka wata yarinya a kurkuku an gaya mata mun san da ita. Ba ni da ikon sa manya su buɗe baki. Amma duk matar da ta zo min barka da dawowa, kafin ta tashi sai ta ji labarin. Wasu su ce yarinyar ce ta jawo wa kanta. Ba na musu. Ina dai cewa, "To, kin ji."

Na gode wa Yaya Balki da Malam Idi da suka karɓe ni, da Sani, da Allah da ya dawo da ni lafiya. Ita kuma uwar, ina roƙon ta yafe min.