Dattijon da Ya Haddace Kwamfuta

Wata rana, a tsakiyar wani aiki da ya riga ya fita daga raina, aka tura ni wata ƙaramar hukuma in sauya wa kwamfutocin sakatariyarsu tsari.

Ga wanda bai gane ba, kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da komai a cikinta. Su sun saba da Windows shekara da shekaru. Aka ce a cire, a sa musu Linux, a kuma koya musu cikin kwana uku.

Kwana uku.

Wanda ya yanke wannan shawarar, na tabbata bai taɓa koya wa kowa komai ba.

Ita ce ma'aikata ta biyar da na shiga cikin mako uku. Na gaji da katifar masauki. Na gaji da shinkafa da waken bakin tasha. Na gaji da tambaya ɗaya da ake yi mini sau talatin a wuni: "Injiniya, ina abin nan ya tafi?"

Babu inda ya tafi. Yana nan, wuri kawai ya sauya.

Abin da aka saba gani a ƙasa ya koma gefen hagu. Sunayen abubuwa sun bambanta, launinsu ma haka. Ni kaina da nake tsaye ina cika baki, da wata guda kacal na riga su. Har lokacin hannuna kan nufi tsohon lungu kafin in tuna.

Ranar Talata da muka fara, Darakta ya leƙo ya yi gajeren jawabi. Ya ce ranar Juma'a za a yi gwaji. Kowa zai buɗe kwamfuta, ya buga wasiƙa, ya adana ta, ya fitar da ita a firinta. Wanda ya kasa za a mayar da shi reshensu na ƙauye, inda har yanzu da biro da rajista ake aiki.

Reshen nan tafiyar awa biyu da rabi ce, idan hanya ta yi kyau.

Ma'aikata goma sha ɗaya ne a gabana. Goma suna ta ƙorafi, suna dannawa, suna ɓatawa, suna kirana. Waɗannan ba su dame ni ba, don mai ɓatawa yana hanyar iyawa.

Na sha ɗayan ne ya ɗaure mini kai.

Wani dattijo ne, bari mu kira shi Baba Tanimu. Shi ne mai buga takardun ofishin tun zamanin tafireta, saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya. Idan na buɗe masa shafi, yatsunsa gudu suke yi, ko kallon kibod ba ya yi. Wasiƙar Turanci shafi guda, babu kuskure ko ɗaya.

Amma in na rufe shafin na ce ya buɗe da kansa, sai ya naɗe hannu.

Ba ya tambaya, ba ya ƙorafi. Zai kafe fuskar kwamfutar da ido kamar baƙon da aka sauke a tashar da bai sani ba.

Ga wani hali kuma. Ana kiran azahar sai ya ɓace, ba ya dawowa sai wajen biyu da rabi.

Ranar Laraba na kasa haƙuri. Na ce wa Madam Rifkatu, wadda teburinta ke kusa da nasa, "Wannan Baban naku shi ya fi kowa buƙatar karatun, kuma shi ya fi kowa yawo."

Ta dube ni ta saman tabarau.

Ta ce matarsa ce ke kwance shekara uku, ɓarin jikinta ya shanye. 'Ya'yansu mata ne, duk suna aure a nesa. Kullum da azahar sai ya hau kekensa ya je ya juya ta, ya ba ta abinci, ya gyara ta, sannan ya dawo. Duk ofishin sun sani, shi ya sa ba mai yi masa magana.

Na ji kunya, amma ba ta daɗe ba. Gajiya ta fi ta ƙarfi.

Abin da dai na gane shi ne, idan aka tura mutumin nan ƙauye, babu mai juya matar nan da azahar.

Ranar Alhamis da la'asar, bayan kowa ya watse, na ja kujera kusa da shi. Na ce, "Baba, shekara nawa kana aiki da kwamfuta?"

Ya ce, "Sha shida."

Na ce, "To ina abin da ka koya a shekara sha shidan ya shiga?"

Ya jawo durowa, ya ɗauko wani tsohon littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya sha salatif. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Na buɗe.

Shafin farko: Ka ƙirga daga hagu, na uku a layin ƙasa, mai launin shuɗi. Danna sau biyu.

Shafi na biyu: Idan ƙaramin akwati ya fito, danna na hagu. Kar ka tsaya karantawa.

Shafi na tara: Firinta. Sama, na farko, sannan na bakwai in ka sauko.

Haka har ƙarshe. Babu sunan abin dannawa ko ɗaya a littafin nan. Daga na uku sai na bakwai, daga hagu sai dama.

Mutumin nan bai taɓa sanin kwamfuta ba. Haddace ta ya yi, wuri-wuri, kamar yadda mutum ke sanin ɗakinsa a cikin duhu. Ni kuma na zo na kwashe kayan ɗakin na sake jera su.

Na ce, "Amma Baba, ai kana karanta Turanci. Komai a rubuce yake a gabanka."

Ya ce wanda ya fara kawo musu kwamfuta, wani matashi ne, wuni ɗaya ya yi da su. Ya gargaɗe shi cewa kar ya kuskura ya taɓa abin da ba a nuna masa ba, kayan gwamnati ne, in ya lalata shi zai amsa tambaya. Tun daga ranar bai taɓa danna abin da ba ya cikin littafin ba.

Shekara sha shida yana tsoron na'urar da yake ci da ita.

Na dubi agogo. Huɗu da rabi ta wuce. Koya wa mutumin nan ya daina ƙirga ya fara karantawa aikin awa uku ne ko huɗu, a zauna a bi shi a hankali, ya ɓata a gyara, ya sake ɓatawa. Bayana yana ciwo. Ban ci komai ba tun safe. Ga rahoton da zan rubuta.

Sai wata dabara ta faɗo mini, har na ji daɗin kaina.

Sabon tsarin yana bari a jera abubuwa yadda ake so. Zan iya saukar da layin nan daga hagu in mayar da shi ƙasa. In sa manhajar rubutu ta zama ta uku. In daidaita sauran har littafinsa ya koma aiki. Minti ashirin sun isa.

Na faɗa masa, ina murmushi.

Ya shafa bangon littafin da babban yatsa. Sannan ya ɗago.

"Injiniya, koya mini za ka yi, ko jera mini za ka yi?"

"Baba, ai duk ɗaya ne."

"Haka wancan ma ya ce."

Na yi dariya kawai.

Na jera masa. Na gyara layi huɗu a littafin da birona, inda abin ya ƙi daidaituwa. Ya gwada, ya ƙirga, na uku, danna sau biyu. Shafi ya buɗe. Ya buga layi biyu, ya adana, firinta ta yi ƙara ta tofo takarda.

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Na wuce ofishin Darakta na ajiye rahoto cewa ma'aikata goma sha ɗaya sun samu horo kuma kowa ya iya. Na sa hannu.

Safiyar Juma'a, ƙarfe tara da rabi, aka ɗauke wuta.

Janareton sakatariyar ƙarami ne, ɗakin taro kaɗai yake iya ɗauka. Darakta ya ce ba zai ɗaga gwaji ba, akwai kwamfutoci huɗu a ɗakin taro, a shiga huɗu-huɗu.

Kwamfutocin nan ni na sa musu sabon tsarin. Ban jera musu komai ba.

Nan take na tuna da littafin Baba Tanimu.

Baba Tanimu yana cikin rukuni na biyu. Ya zauna, ya buɗe littafinsa a cinya, ya kai maus ƙasan sikirin zai ƙirga. Babu layi a wurin.

Ya juyo ya neme ni da ido.

Ina tsaye a bayan Darakta, an hana ni magana. Abin da yake nema yana gefen hagu, da sunansa a rubuce da zarar ya ɗora maus a kai. Tazarar ba ta kai tafin hannu ba. Da na ba shi awa ukun nan jiya, da ya san cewa don ya taɓa babu abin da zai fashe.

Bai taɓa ba.

Minti ashirin aka ba su. Sauran ukun suka gama, har da wanda jiya ya goge foldarsa gaba ɗaya yana dariya. Shi kuwa yana zaune, hannunsa a kan maus, bai danna komai ba har Darakta ya ce lokaci ya cika.

Mutumin da ya fi kowa iya buga wasiƙa a ginin nan ya tashi bai buga harafi ɗaya ba.

Bayan an sauko daga masallaci na bi Darakta ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara wa dattijon nan mako guda."

Ya jawo wata takarda ya juyo da ita gabana.

"Wannan ba sa hannunka ba ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ka ce kowa ya iya. To ko dai shi ya ƙi yi, ko kai ka rubuta abin da ba haka ba. Wanne zan aika sama?"

A nan ya kamata in ce ni ne. Kalma biyu ce.

Na tuna akwai sauran ma'aikatu shida a jerin aikina, kuma masu neman a ba su aikin sun fi a ƙirga. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya huci zuciyarsa. Tsoro ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Na ɗauki jakata na fito.

A bakin ƙofar sakatariya na tarar da Baba Tanimu yana kwance sarƙar kekensa. Na so in bi ta ɗaya gefen, amma ya riga ya gan ni.

Na zaci zai yi mini faɗa. Wallahi da ya yi, da na ji sauƙi.

Ya ce, "Injiniya, za a koma?"

Na ce, "E, Baba."

"Allah ya kiyaye hanya. Ka yi ƙoƙarinka, kan ne ya tsufa."

Na buɗe baki in ce ba kansa ba ne. Ya riga ni.

"Kai da kake yawo cikin mutane, ko ka san wata mata mai amana a garin nan, wadda za ta iya zama da mara lafiya da rana? Litinin ta sama aka ce in fara zuwa can."

Na ce ban san kowa ba a garin.

Ya gyaɗa kai, ya ɗaure littafin a bayan keken da roba.

"Ba ta son baƙon hannu," ya ce. "In ba ni ba, ba ta karɓar abinci. Amma za ta saba. Dole ce."

Ya hau ya tafi. Ya riga ya makara, ƙarfe uku ta kusa.

Darasi:

Ba kowane sauƙi ne taimako ba. Wani sauƙin kanka ka yi wa, ka laƙa masa sunan taimako don ka samu ka tafi ka huta.

Idan mutum ya zo gabanka bai iya abu ba, ka tsaya ka gano me ya tsorata shi. Wataƙila wani gajiyayye irinka ne ya bi ta kansa a baya, ya bar shi da tsoro a madadin ilimi.

Kuma in ka yi kuskure aka tambaye ka, ka amsa tun amsar tana da amfani. Tawa yau na ba da ita, ga ta kuna karantawa, kuma ba ta juya kowa da azahar ba.

In ka san wani da ke koya wa iyayenmu waya ko kwamfuta, a ofis ko a gida, tura masa wannan kafin haƙurinsa ya ƙare. In kai ne, ajiye wayar ka koma ka zauna da su.