Ranar da Munka Tahi Yamai Kama Patron

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Nomau tela, mai rumfa a bakin kasuwar Filinge. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa da damina, duka biyu sunka ba ni tara, don haka kada wani ɗan lakkwal mai ilimin boko ya taso gyara mini lissafi. Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta.

Ga wanda bai san mu ba, uwar Nomau ƙanwar ubana ce. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Taubashina ne ke nan, kuma a al'adarmu ta Kurfai bawana ne tun ranar da anka yanka masa ragon suna. Bai taɓa yarda da wannan hukunci ba, amma dama ba a nemi ra'ayinsa ba. In kun ji na taɓa shi cikin wannan rubutu, haƙƙina nake ci. Na tambayi malamai biyu, babu wanda ya ce mini mutuwa tana warware taubasantaka.

Nomau bai taɓa auna mutum ba. In ka kawo yadi, sai ya ce ka taka zuwa teburin mai goro ka dawo. Yana kallonka kana tahiya, ya ninka yadin biyu, ya ja alli sau uku ko huɗu, ya sa almakashi. Dama da hagu a yanka ɗaya. Yana da metir, igiyar awon nan, amma a wuyansa take rataye don baƙi su gane tela ne. Kuma a faɗi gaskiya, ɗinkinsa yana zama a jikin mutane. Daga Damana har ƙauyukan Tondikandiya ana kawo masa shadda, Fulani ma in sun sai da sa, rumfarsa suke fara tsayawa. Mutum ɗaya ne ɗinkin Nomau bai taɓa zauna wa ba, shi ne ni. Tun ina saurayi na faɗo daga bisa gawo wajen kakkaɓo wa awaki 'ya'yansa, kafaɗata ta hagu ta sauka ba ta koma ba. Duk taguwar da ya yi mini, wuyanta sai ya zame gefe guda, hammata ta cije ni. In na yi magana ya ce, "Yadi lahiya lau yake. Kai ne anka yanka a karkace."

Yanzu in na bi ta layin teloli, ba na ganin ana sa kowa ya taka. Mace za ta miƙa wayar salula ta ce irin wannan take so, hoton wata doguwa da ba a san garinsu ba, alhali ita gajeruwa ce. Akwai ma keken da ke yin surfani shi kaɗai, mai shi yana shan shayi. Nakan tambayi kaina mi Nomau zai ce. Ina jin salular zai karɓa ya juya bayanta, ya nemi inda anka ɓoye ɗinkin, ya mayar ya ce ba a gama ba. Keken surfanin kuma zai zauna gabansa yini guda yana kallo, gobe ya dawo da sassahe ya sake zama.

Ɗiyarsa ta uku, Zalika, a gindin keke ta tashi. Da ta ci jarrabawar bepese sai ta ce Yamai za ta, makarantar da ake koyon zanen tufafi da yankansu, ta zama sitilis. Nomau ya aiko a kira ni, don ni ne masanin dangi. Na yi lakkwal har aji biyar kafin ubana ya lura gonar gero ta fi mushe, malamin ajinmu, buƙatata. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce sitilis tela ne wanda ya yi karatu. Ya ce, "To mi za a koya mata shekara uku wanda babu shi cikin rumfar ga?" Zalika ba ta yi gardama ba. Kullum da sahe in ta durƙusa ta gaishe shi, sai ta ƙara da, "Baba, maganar Yamai." Tun daga shuka har girbi. Ya gaji. Ya ce ta tahi ta zauna wurin goggonta, ƙanwarsa da ke aure can, amma da sharaɗi guda: ranar da ya ji abin da bai so, ranar za ta dawo Filinge, karatu ya ƙare.

Lokacin salula ba ta kai hannun kowa ba, wasiƙa ake ba direba. 'Yan lakkwal ɗinmu kuwa da baki Hausa suke yi, amma da sun ɗauki biro Faransanci ke fita. Saboda haka duk wasiƙar Zalika hannuna take biyowa kafin ta kai kunnen ubanta. Biyu na farko na yi su lahiya lau, gaisuwa ce da labarin tsadar cefane. Ta uku ce ta kawo magana.

Na sa tabarau, na yi gyaran murya, na karanta masa kamar yadda na gani. Ta ce yanzu ta samu patron nata na kanta. Ta ce madam mai koya musu ta faɗa gaban kowa cewa patron ɗinta ya fi na duk 'yan aji kyau. Ta ce da shi take yini, kuma a ɗakinta yake kwana, bisa katifa.

Duk wanda ya taɓa shiga mota a ƙasar nan ya san patron. Shi ne mai gida, mai mota, mai babbar riga da ke zama gaba kusa da direba. Ban san yana da wata ma'ana ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya samu ba. Maganar katifa kuma, a Faransanci "bisa" da "ƙarƙashi" wasu 'yan ƙananan kalmomi ne masu kama da juna, kuma makon da anka koyar da bambancinsu ina gona ina korar tsuntsaye. Ina faɗin wannan ne don a san inda laifin yake, ba don neman ahuwa ba.

Nomau bai ɗaga murya ba. Ya cire ƙafa daga keke, ya rufe shi da tsumma, a tsakiyar cin kasuwa, saura mako biyu Salla, yadin mutane jibge a bayansa. Ya ce, "Tashi." Na ce ina? Ya ce, "Kai ka karanta, kai za ka nuna mini shi."

Washegari da hantsi muna tsakar gidan goggon. Zalika ta fito da murna ta durƙusa. Bai amsa gaisuwar ba.

"Ina shi?"

"Wa, Baba?"

"Patron. Haɗa kayanki, amma sai na ga idonsa tukuna."

Ta dube shi, ta dube ni, na dubi kaji. Sai ta shiga ɗaki, munka ji ta ɗaga katifa, ta fito da wasu takardun buhun siminti, yankakku, masu layi-layi da lambobi. Ta shimfiɗa su bisa tabarma: ga gaba, ga baya, ga hannu, ga wuya. Ta ce, "Ga shi, Baba. Shi ake ɗora wa yadi a bi a yanka. Ƙarƙashin katifa nake sa shi don kada ya lanƙwashe." Goggon ta toshe baki da gefen zane ta shige madafa, daga can munka ji abin ya fi ƙarfinta.

Na ɗauka magana ta ƙare, sai dai a ci tuwo a yi mini dariya. Ashe yanzu ta fara. Da namiji ya tarar, Nomau ya san abin da zai yi. Amma takarda ce da ke gaya wa almakashi inda zai bi, shi da ya yi shekara talatin idonsa ke gaya wa almakashi. Ya taɓa ta da ɗan yatsan ƙafa ya ce, "Wannan ya hi muni. Na aiko ki koyon ɗinki, kin zo kina yankan buhun siminti. Wanda bai da ido shi ka neman takarda." Sharaɗin nan dai bai ce abin da bai so sai ya zama namiji ba.

Sai ya nuna ni da haɓa. "Ga wannan. Tun kafin a haihe ki nake ɗinka mai, babu rigar da ta taɓa zama jikinshi. In takardarki ta iya shi, ki zauna. In ba ta iya ba, mota ɗaya za mu shiga." Ya zaɓe ni ne don ya tabbata ba ni gyaruwa. Ni kaina ra'ayina ke nan.

Goggo ta fiddo ragowar farin yadin mijinta, anka aro keke a maƙwabta. Zalika ta ɗauki metir. Na miƙe ƙyam kamar soja don in taimaka. Ta ce, "Baba Arzika, don Allah tsaya yadda ka saba tsayawa. Kada ka gyara don ni." Na saki jiki, kafaɗar ta koma inda take zama. Ta auna dama ta rubuta, ta auna hagu ta rubuta, ta sake auna hagun. Ta zana kafaɗa biyu a takarda, kowace da tata siffa. Da ta zo yanka ba ta ninka yadin ba, a shimfiɗe ta yanka shi, gefe ɗaya bayan ɗaya. Nomau yana zaune bisa turmi, wai barci yake. Na ga lokacin da ya buɗe ido ɗaya.

Bayan la'asar na sa taguwar. Ba zan yi ƙari ba, tunda ba a san ni da shi ba: wuyan ya tsaya tsakiya, na ɗaga hannu babu abin da ya cije ni. Nomau ya taso ya zagaye ni sau biyu. Ya ja kafaɗar, ya saki. Ya sa na tuɓe, ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da farce tun daga wuya har ƙasa. Sannan ya ce, "Maɓalli na biyu bai zauna ba." Ya miƙa mini, ya ce in ɗauki jakata.

Muna bakin ƙofa Zalika ta ce, "Baba, ni hwa?"

Bai waiwayo ba. "Ke ba ki da lakkwal gobe?"

Ta gama shekarunta uku, ta ɗauki diplom, ta yi aiki ƙarƙashin wasu, yau tana da shagonta a Yamai da 'yan mata masu koyo. An ce mini kayanta suna ƙetare iyaka, ban bi su na gani ba. Nomau kuwa har ya koma ga Allah bai daina ninka yadi biyu ba, kuma, in ka cire wasiƙun Zalika, takarda ba ta taɓa shiga rumfarsa ba sai wadda anka ƙunso ƙosai. Abin da ya canza ɗaya ne. In mai ƙusumbi ya zo, ko mai tumbin da ya riga shi shiga rumfa, sai ya ce aiki ya yi masa yawa, a gwada Yamai, akwai wata mai takarda.

Mi ya rage nasa yanzu? Rumfar ta zama wurin cajin salula. Keken yana ɗakin babban ɗansa, an ɗora masa kwanuka. Rigunan da ya ɗinka sun tsufa sun zama tsumman goge fitila, nawa ma ban yi kewarsu ba. Amma na sha jin uba a Filinge ko Damana, ɗiyarsa ta ce za ta koyon zanen tufafi, a ƙarshe ya ce, "To, ai Nomau ma ya bar tashi." Ba su san da ƙyar ya bari ba, kuma ba aikina ba ne in bi su gida-gida. Na kuma ga Zalika a shagonta, kafin ta taɓa metir sai ta ce wa mai kaya ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ba a Yamai ta koyi wannan ba.

Bara da ta zo gida ta tare ni da tambaya. Ta ce ubanta bai taɓa ce mata ta iya ba, ko sau ɗaya, maganarsa ta ƙarshe kan aikinta ita ce maɓalli. Tana so ta sani: ya bar ta ne don taguwar ta yi, ko don kunyar kuskuren da munka tahi da shi? Na ce mata na manta. Ban manta ba.

Zalika, ga abin da ya faru. A hanyar komawa mota ta tsaya Baleyara ana sauke buhuna. Muna zaune gefen hanya ya daɗe yana kallon kafaɗata, sannan ya ce, "Kullum ina ganin ta sauka. Ban taɓa tunanin yadi ne zai bi ka ba, na ɗauka kai za ka bi yadi. Yarinyar ga ta hi ni." Sai ya kama hannuna ya ce in na kuskura na gaya maki, kanki zai kumbura, kuma ba zai ƙara ɗinka mini ko mazagin wando ba.

Na riƙe masa maganar iya ƙarfina. Na duba kuma, na ga ya riga ya daina ɗinka mini.